Allon da Aka Kifa a Hawa na Huɗu

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowa zai koma a ranar da aka ɗiba masa. Ranar Talata, sha tara ga Maris, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, Allah Ya karɓi ran dattijon kafintan nan da masu aikin gini suka sani da laƙabin Ƙusa Huɗu. Ya faɗo daga hawa na huɗu na wani bene da ake ginawa, ta cikin ramin da aka bari a kankaren daɓe domin manyan bututun ruwa. A hawa ukun da ke ƙasa an riga an zagaye ramin da bulo, ya zama kamar rijiya, don haka babu abin da ya tare shi sai ƙasa. An ɗauko shi da sauran numfashi, amma kafin motar ta kai ƙofar asibiti ya cika. Shekarunsa sittin da uku, arba'in da biyar daga ciki da guduma a hannu.

Baba, ina tsaye gaban aji a cibiyar koyar da sana'a, inda nake karantar da awo da zane, labarin ya same ni. Kwana ɗaya kafin nan kai ne a tsaye a wurin, kamar yadda ka saba kowace Litinin tun shekara tara da suka wuce. Garin katakon da ya zubo daga takalminka yana nan a ƙasa ba a share ba.

Na jinkirta wannan rubutu har mako uku, kuma zan faɗi dalili. Tun kafin a binne ka magana ta fara yawo cewa kai ne ka yi sakaci. Mai kula da ginin ya rubuta a rahotonsa cewa an sami murfin ramin ba ƙusa ba alama, kuma rufe ramuka aikinka ne, saboda haka mantuwarka ce ta ci ka. Wasu suka ce tsufa ne. Wasu suka ce dama idonka ya fara rauni. Matarka, wadda dukanmu muke kira Mama, ba ta yi wa kowa gardama ba, sai dai duk wanda ya shigo gaisuwa daga cikin abokan aikinka takan tambaye shi, “Da gaske bai buga ba?” Su kuma su sunkuyar da kai. A ajina, wani ɗalibi ya ajiye hular kwanonsa a kan teburina ya ce, “Malam, in Baba ma ya manta, mu su wa? Kwana ne kawai, in ya ƙare ya ƙare.” Na yi wa kaina alkawari ba zan rubuta maka komai ba sai na san yadda aka yi ka faɗo. Yanzu na sani.

Wanda bai taɓa hawa gini ba zai ɗauka gefen bene ne abin tsoro. Gefe kowa yana ganinsa, kowa yana kaffa-kaffa da shi. Abin da ke kashe mutane shi ne ramin da ke tsakiyar ɗaki. Idan aka zuba kankaren kowane hawa, akan bar ramuka domin bututu da wayoyi, kafinta kuma ya rufe su da faffaɗan allon katako. Allo kuwa a wurin gini kowa nemansa yake yi. Lebura zai ɗauka ya kwaɓa siminti a kai, birkila zai ɗauka ya taka, mai fenti zai ɗauka ya tare iska. Wanda ya ɗaga allo daga gefe ɗaya yakan yi gaba da shi domin ya miƙar da shi tsaye, allon ya rufe masa gabansa, kuma takun farko a cikin ramin yake sauka.

Domin wannan ka kafa wa kanka doka. Duk murfin rami sai ka kafe shi da ƙusar kankare huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, sannan ka ja masa jan layi biyu da fenti daga kusurwa zuwa kusurwa. Gwangwanin jan fenti ba ya barin jakarka. Leburori sukan tsokane ka.

“Baba, biyu ba su isa ba? Sai ka ce ƙofar kurkuku kake kafawa.”

“Ɗaya don kai,” kakan ce, kana bugawa ba ka ɗago ba. “Ɗaya don uwarka. Ɗaya don matar da za ka aura, in ka sami wadda za ta yarda da wannan ƙeyar taka. Ta huɗun tawa ce, don in sami barci.”

Daga nan laƙabin ya samo asali, har sunanka na yanka ya ɓace a bakin mutane.

Ranar da na fara gayyatarka cibiyarmu, na shirya maka takardu masu hotuna game da kariya a wurin aiki. Ka juya su, ka mayar mini, ka ce, “Malam, riƙe kayanka. Kai biro, ni hannu.” Ka ɗaga hannunka na dama a gaban matasa talatin, ka sa su ƙirga yatsun da ƙarfi. Suka tsaya a uku. Ka ba su labarin injin zarton da maigidanka na farko ya cire wa murfi don aiki ya yi sauri, da yadda ka ga yatsunka biyu a cikin garin katako kafin ka ji zafi. Ka ce, “Da goma na zo, da takwas za a rufe ni. Ku kuma in kuka koma wa iyayenku da tara, ban yafe ba.” Abin da na yi wata uku ina faɗa bai shiga ba, ka shigar da shi kafin a sha ruwa. Na tuna wannan magana ranar da aka yi maka wanka, na kasa tsayawa a ɗakin.

Ba ka taɓa wuce guntun katako mai ƙusa a tsaye ba. Ko kana tsakiyar magana da injiniya, sai ka sunkuya ka lanƙwasa ta ko ka zare. Ba ka hawa tsanin da ba a ɗaure kansa ba. Ba ka yanka katako sai da takunkumi a hanci, ko da ana yi maka dariya wai ka zama likita. Ka taɓa zama a kan akwatin kayan aikinka yini guda, ka ƙi cire tokarar da ke riƙe da kankare, saboda ɗan kwangila yana so a cire kwana biyar kafin lokaci. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ka ce masa ya kawo kujera ya zauna a ƙarƙashi, sai ka cire. Bai kawo ba. Kuma ba ka iya ganin allo yashe a ƙasa ka bar shi; sai ka ɗauke ka jingina shi a wurinsa, don kada wani ya yi tuntuɓe. Na ambaci wannan hali a ƙarshe, Baba, domin shi ne ya kai ka bakin ramin.

Alherinka bai tsaya a wurin aiki ba. Lokacin da mahaifiyata ta fara jin jiri, ka zo duba ta, ka ga matakala uku da ke ƙofar ɗakinta. Washegari da yamma sai ga ka da katako a kafaɗa. Ka kafa mata abin dafawa, ka goge shi da takardar yashi har ya yi santsi kamar tafin jariri, ka sa ta sauka ta hau sau uku a gabanka. Har yau da shi take fita shan rana. Da na gaya mata rasuwarka, ta daɗe tana shafa katakon.

Amma babban alherinka shi ne wanda ka yi wa Bahago. Shekara goma sha biyar da suka wuce ya zo neman koyon aiki, kafintoci uku sun riga sun sallame shi saboda da hagu yake aiki, su kuma sun dage sai ya riƙe zarto da dama. Ka ce hannun da Allah Ya ba shi da shi zai ci abinci. Ka yi wata guda kana koyon yanka da hagu, kai da ka yi shekara talatin a sana'a, don kawai ka nuna masa inda zai ajiye ɗayan hannun kada haƙoran zarto su same shi. Ya zama gwani a hannunka. Da shi da 'yarka ta fari suka daidaita, ka ba shi ita da farin ciki, yau 'ya'yansu uku. A kowane gini tare ake ɗaukar ku. Yana kiranka Baba, kana kiransa “hannun haguna”.

Ranar Alhamis ta mako na biyu, bayan la'asar, ɗalibai sun watse, ina tattara kayan awo a ɗakin koyon aiki, sai ga Bahago a bakin ƙofa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

“Malam, ina da magana, ban san ta inda zan kamo ta ba.”

“Shigo ka zauna tukuna. Ka ci wani abu yau?”

Ya sa hannu a aljihu ya zuba wani abu a kan teburin aiki. Ƙusoshin kankare ne guda huɗu, duk sun lanƙwashe, kan kowace da ɗigon jan fenti.

Ga abin da ya faru, Baba, kamar yadda ya gaya mini. Ranar Litinin, kana wurina kana koyarwa, masu aikin famfo suka hau hawa na huɗu za su zura bututu. Suka ce a buɗe musu ramin. Bahago ya zare ƙusoshinka huɗu, ya sa su a aljihu don kada wani ya taka, kamar yadda ka koya masa. Ya ɗaga allon ya jingina. Da suka gama wajen azahar, ya mayar da shi kan ramin, amma wajen saukewa ya kifa shi, jan layin ya koma ƙasa. Ya juya zai ɗauko sababbin ƙusoshi, sai mai kula da ginin ya kira shi daga ƙasa cewa motar katako ta zo, direba yana sauri. Ya ce a ransa minti goma ne. Saukewa ta ɗauki awa uku, aka tashi aiki, ya tafi gida. Da safen Talata an tura shi sayo kaya. Kai kuma ka hau, ka ga allo fes a ƙasa, ba ja, ba kan ƙusa, ƙura ta cike ƙananan hudojin kusurwa. A dokarka, allon da ba ja ba ƙusa allo ne kawai, kuma ba ka barin allo yashe. Ka sunkuya, ka ɗaga gefe ɗaya, ka yi gaba.

Sai da aka dawo daga binne ka, zai cire wandon aiki, ya ji nauyi a aljihu.

“Kwana tara ina yawo da su,” ya ce. “Kullum Mama tana tambayar mutane ko Baba ya buga, ni ina zaune a gefenta, amsar tana aljihuna. In na faɗa, da wane ido zan kalli uwar 'ya'yana? Ubanta fa. Kuma wa zai sake hawa gini da ni?”

Na fara ce masa ba shi kaɗai ba ne, akwai wanda ya kira shi, akwai masu famfo da suka tafi ba su duba ba. Ya ɗaga hannu.

“Malam, kada ka yi mini darasi. Ni na cire.”

Gaskiyarsa ce. Ba ni da alkawarin da zan yi masa game da aurensa ko aikinsa. Abin da na iya faɗa shi ne, ba zan yi magana a madadinsa ba, kuma ba zan rubuta cewa ka manta ba. Na tuna masa cewa mako mai zuwa za a zuba hawa na biyar, za a bar wasu ramukan, kuma muddin mutane sun yarda tsufanka ne ya jawo, babu wanda zai gyara komai. Ya daɗe yana kallon ƙusoshin. Sannan ya kwashe su ya ce in raka shi da safe.

Mun sami Mama a falonka, inda kowane abu aikin hannunka ne, daga kantar kwanuka har kujerar da jikokinka suka ƙoƙarta su karya suka kasa. Hular kwanonka tana rataye a bayan ƙofa. 'Yarka ta fari, matar Bahago, tana zaune da ƙaramin ɗanta a cinya. Bahago bai hau kujera ba. Ya durƙusa, ya jera ƙusoshin a gaban Mama, ya faɗi komai daga farko har ƙarshe. Bai ambaci direba sau biyu ba, bai fake da kowa ba.

Da ya gama, Mama ta sunkuyo ta taɓa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa.

“Huɗu ne?”

“Huɗu ne, Mama.”

“Da jan ma?”

“Da shi. Ni na kifa.”

“To, ya buga nasa ke nan,” ta ce. Sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe tun ranar Talata.

Da ta natsu ta dube shi ta ce, “Tashi daga ƙasa. Ba zan ce maka ban ji zafi ba. Amma da ka bar ni na mutu ina zargin mijina, wannan ne ba zan yafe ba. Je ka faɗa musu can yadda ka faɗa nan.”

'Yarka ta miƙe. Ta goya ɗanta ta shiga ɗakin mahaifiyarta ta turo ƙofa. Har yau da nake wannan rubutu ba ta koma gidanta ba, kuma babu wanda ya matsa mata.

Daga nan muka wuce wurin ginin. Mai kula da aikin ya saurari Bahago a tsaye, gaban ma'aikata kusan arba'in. Ya ce a kawo allon. An same shi jingine a bangon hawa na huɗu tun ranar, fuskarsa mara fenti a waje. Ba wanda ya yi tunanin juya shi. Leburori biyu suka juya. Ga jan layinka nan biyu, miƙaƙƙu daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar da ma'auni aka ja su. Mutumin ya cire hularsa. Ya yaga rahotonsa na farko, ya sake rubuta wani, kuma a ciki ya sa cewa shi ne ya kira kafinta ya bar rami bai kafe ba. Na shaida masa wannan.

Baba, ka koya mini kada in yi wa aiki ƙarya, don haka zan faɗi abin da da kana raye da kai za ka fara faɗa. Dokarka mai kyau ce, amma tana da ƙofa ɗaya da dukanmu ba mu gani ba. Fuska ɗaya kake shafa wa fenti. Shekara tara ina zaune a bayan aji kana koyar da ita, ni mai karatun littafi, ban taɓa tambayar me zai faru in an kifa allon ba. Kuma dokar tana kanka ne kai kaɗai. Ranar da ba ka nan, ba ta nan. Yanzu a wannan gini ana shafa jan a fuska biyu. Ana kafa shinge kewaye da duk ramin da ya isa mutum ya shige. Wanda ya buɗe murfi ba ya barin wurin sai ya kafe shi, ko wane ne ya kira, kuma kafin a tashi aiki sai an zagaya an taka kowane murfi. Duk allon da aka gani a ƙasa, a fara tura shi gefe da ƙafa a ga abin da ke ƙarƙashinsa kafin a ɗaga. Ƙananan abubuwa ne, ba su kai rabin awa a yini ba. Da ranka aka saye su.

Kafintoci biyu sun ce ba za su sake aiki tare da Bahago ba. Bai yi musu gardama ba. Shi ne ya rufe ramukan hawa na biyar, da gwangwanin fentinka da Mama ta aika masa. Litinin da ta wuce ya zo cibiyarmu, ya tsaya inda kake tsayawa. Bai iya magana kamarka ba. Ya jera ƙusoshin nan huɗu a kan tebur ya ba da labarin, da yardarsa kuma na rubuta shi a nan. Da aka tashi, ɗalibin da ya ajiye mini hular kwano ya zo ya ɗauki abarsa.

Ya Allah, bawanKa ya zo Maka da yatsu takwas da shekara arba'in da biyar na tsare rayukan mutane. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Duk wanda ya taka murfin da ya kafe ya koma gida lafiya bai ma sani ba, Ka sa wannan a ma'aunin alherinsa. Ka sa faɗuwar nan ta zama kankarar zunubansa, Ka saukar da shi a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, Allah Ya ba ki haƙuri gwargwadon rashin, Ya saka miki da maganar da kika faɗa a ranar da ba kowa zai iya ba. Ga 'ya'yansa da jikokinsa da 'yan'uwansa, Allah Ya tsaya muku. Ga 'yarsa ta fari, wadda na ɗauka kamar ƙanwata, ba ni da ikon gaya miki yaushe zuciya za ta sauko. Ina roƙon Allah Ya sanyaya miki ita, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri. Ga Bahago, Allah Ya yafe maka mantuwar yini ɗaya, Ya riƙe ka a kan gaskiyar da ka faɗa. Ga duk kafintoci da leburori da birkiloli da suka yi aiki da shi, rashin namu ne gaba ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ka buga naka, huɗu cif. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.